Masu Sallama Bayan Isha'i

A zamanin da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, saurayi sai ya sayi ƙanin yarinya da alewa kafin wasiƙarsa ta shiga gida. Yau waya ta raba yaron da sana'arsa, ta kuma sauƙaƙa wa maƙaryata aiki.

Shugabansu shi ne Alhaji mai waya biyu. Babbar tana kwana a falo, kowa ya ɗauka ya duba, har yara na kallon hotuna a ciki. Ƙaramar kuwa a mota take kwana, ƙarƙashin kujera. A cikinta akwai wani "Sani Mai Siminti" da ke kira ƙarfe ɗayan dare ya tambayi Alhaji ko ya ci abinci. In ya je zance, ga abin da yake cewa: "Wallahi ni da Hajiya zaman yara kawai muke yi." Hajiya kuma tana gida da ciki na bakwai. Ya haddace halaccin mata huɗu tsaf, amma da an zo kan sharaɗin adalci sai tari ya kama shi. Abin da bai sani ba, Hajiya ta daɗe da kiran Sani Mai Siminti da wayar ƙanwarta, ta ji muryarsa mai zaƙi, ta yi shiru tana jiran ranar da zai nemi kuɗin adashenta.

Sai saurayin "ina nan tafe". Shekara shida yana zance, ƙannen da ke masa iso duk sun gama sakandare. Da baban yarinyar ya ce ya turo magabata, sai kawunsa ya tafi Legas. Ana saura mako guda azumi zai ɓace, don kada a yi maganar kayan shan ruwa da na salla, ya dawo bayan sallar da rantsuwar wayarsa ce ta faɗa ruwa.

Ɗan wanka ba ya buƙatar dogon bayani: shaddar aro, makullin mota a yatsa, Adaidaita Sahu kuma ya sauke shi a bakin titi.

Kada 'yan mata su yi dariya da yawa. Akwai wadda ta raba samarinta kamar ma'aikatun gwamnati: wannan na data, wannan na shawarma, wancan na kuɗin anko. Kowa "Habibi" ne, don kada baki ya suɓuce a kira wani da sunan wani. Ranar da katin ɗaurin aure ya fito, dukkansu a WhatsApp za su gani, da sunan wani ɗan uwanta da ba wanda ya taɓa jin labarinsa.

Tun da gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisbah a 2012, aka samu sabon iri: masoyin da zuciyarsa ta kamu da gado da katifa. A layin gwajin jini ma ba ya tambayar amarya lafiyarta. Matsowa yake yi ya rage murya: "Hajiya, wai jarin a hannunki za su bayar ko a nawa?"