Yadda Ake Neman Tsawon Rai a Kontagora Ba Tare da An Sayar da Buhun Masara Ba

Da zarar mutum ya haura arba'in a garin nan, ko ya fara ajiye tumbi, sai masu nema masa tsawon rai su yi masa caa. Ga mai lasifika a bakin tasha, motarsa cike da jarkoki, maganinsa ɗaya amma sai ya ja numfashi sau uku kafin ya gama lissafo cututtukan da yake kashewa: basir, shawara, sanyi, taifot, hawan jini, suga. Ga ƙanin matarka da ya shiga kamfanin nan na kawo mutum biyu su ma su kawo biyu, ya sallama da jaka da takarda mai sheƙi, yana rantsuwa ƙwayar daga Amurka take, tana wanke jini, tana mayar da tsoho yaro. Ga kuma gwaggo ta turo murya a WhatsApp, ta ce a jiƙa kuɓewa a kwana da ita, a sha da asuba.

To, Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Rai a hannun Allah yake, babu mai ƙara maka daƙiƙa ɗaya. Amma lafiyar da za ka tsufa da ita amana ce a wuyanka, kuma hanyar kiyaye ta ta fi abin da ake tallata maka araha nesa ba kusa ba.

Fara da miƙa ɗan yatsa a gwada maka suga. Akwai mazaje a Kontagora da za su kama ƙahon bijimi a kara ko gezau, amma da sun hango allura sai su tuna suna da ɗaurin aure a Rijau. Abin bai kai haka ba. Ka kwana ba ka ci komai ba na awa 8, ruwa kawai, da safe ka nufi Babban Asibitin Kontagora, ko asibitin unguwarku, ko kemis mai na'urar gwaji. Za a goge gefen yatsa da auduga, a ɗan tsikara shi, ɗigon jini ɗaya ya hau bakin 'yar takarda, kafin ka gama cewa wash lamba ta fito. In ta yi ƙasa da 100, ka gode wa Allah. Daga 100 zuwa 125, ciwon suga na tsaye a ƙofar gida yana sallama, bai shigo ba tukuna. Daga 126 zuwa sama, a sake gwadawa wata rana, in ta maimaita sai ka zauna da likita. Wasu na'urorin da ƙaramin lissafi suke aiki, a wurinsu 100 ita ce 5.6, 126 kuma 7.0, saboda haka kada ka ga 9 ka fito kana murna wai ko goma ba ka kai ba. Tunda ka riga ka zauna, miƙa damtse a auna hawan jini, domin shi da suga abokan tafiya ne.

Kada ka bar wa kiyashi aikin gwajin. Mutanenmu kan ce sai sun ga kiyashi ya taru inda suka yi fitsari za su san akwai suga. Kafin kiyashi ya samu labari, ciwon ya daɗe yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ke da ciwon, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna ɗauke da shi ba. Tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ƙishirwar da randa ba ta kashewa, rama ba dalili, gani dishi-dishi, gyambon da ya ƙi warkewa, duk waɗannan ba sammu ba ne, kuma ba sanyi ba ne.

Daga nan sai teburin mai shayi, inda yawancinmu ke rattaba hannu kan takardar ciwon kowace safiya. Tsaya ka kalli hannunsa da kyau. Ya ɗebo sukari da babban cokali, ya zuba, ya ƙara, ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, ya isa?" Kai kuma don kada a ce Alhaji ya fara tsumulmula sai ka ce, "Ƙara dai." Ya kwarara madara, ya ɗaga kofi sama yana shekawa har kumfa ta tashi, ga rabin burodi an shafe da bota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2015 kada sukarin da babba ke sha a wuni ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Kai kuwa kafin ƙarfe takwas ka cinye rabonka, ka fara cin na gobe. Kada ka yi gaba da mai shayi, mutumin kirki ne, iyali yake ciyarwa. Ka ce masa, "Malam, daga yau cokali ɗaya." Zai dube ka ya ce, "Lafiya kuwa, Yallaɓai?" Ka ce ita ake nema. Bayan sati biyu harshenka zai saba, har shayin da ka saba sha ya riƙa gundurar ka.

Lemon kwalba kuwa, 'yar ƙaramar nan ta santilita 35 kan ɗauki sukari cokali 8 zuwa 9. Gwamnatin Tarayya ta ɗora masa harajin naira 10 a kowace lita a Dokar Kuɗi ta 2021, amma ba ta hana kowa shan uku a wurin walima ba. In an miƙo maka a suna ko ɗaurin aure, karɓi ka yi godiya, ka nemi ruwa. Zoɓo da kunun zaƙi ba su da laifi sai abin da aka zuba musu. Sannan a daina cewa ai ni na bar sukari, zuma nake sha. Zuma abu ne mai albarka, dabino ma haka, amma jini ba ya tambayar daga ina zaƙi ya fito. Mazarƙwaila da rake ma 'yan gida ɗaya ne da su.

Tuwo ba za a raba mu da shi ba, kuma ban ce a rabu ba. Ƙasar Kontagora ƙasar masara ce da dawa da wake, duk wanda ya ga manyan motoci na lodin hatsi bayan kaka ya san haka. Abin da ake so shi ne malmala uku ta koma biyu, biyu ta koma ɗaya da rabi, miya ta yi yawa: kuka, kuɓewa, yakuwa, alayyafo. Kwaɗon zogale da na rama da ake raina wa ana cewa abincin mata ne, su ne ya kamata su cika rabin kwanon maigida. Wake ya riƙa shiga shinkafa har ya fi ta yawa. Masarar da aka surfe aka cire mata dusa tas ta fi saurin tayar da suga, a bar mata ɗan abin da Allah ya halicce ta da shi.

Sai ƙafa. Kakanninmu da suka zauna garin nan tun Umaru Nagwamatse ya kafa shi a 1864, tafiyarsu ko a ƙasa ko a kan doki. Mu kuwa masallacin da ake jin tarin liman daga ƙofar gida, sai an tsayar da ɗan acaɓa. Minti 150 na tafiya da ɗan sauri a mako ake nema, wato rabin awa sau biyar. An gwada wannan a Amurka kan mutum sama da 3,000 da suga ke sallama a ƙofarsu, aka fitar da sakamakon a 2002. Waɗanda suka riƙa tafiya suka kuma rage ƙiba kaɗan, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin, kashi 31. Ƙafa ta doke ƙwaya, kuma ba a sayen mata mai.

Yanzu mu koma kan ƙanin matarka, don na san yana zaure yana jira. Kada ka kore shi, surukuta ba ta son haka. A kawo masa ruwa, a gaisa, sannan ka ba shi labari biyu. A 2024 masu bincike a Amurka sun fitar da abin da suka gani bayan bin mutum kusan 390,000 na sama da shekara 20: masu haɗiyar ƙwayar bitamin kullum ba su fi waɗanda ba sa sha tsawon rai ba. A Finlan kuma, a 1994, an ba masu shan taba ƙwayar beta-karotin da fatan ta kare su, sai kansar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100. In ya nuna maka lambar NAFDAC, duba ƙarshenta. Maganin gargajiya da ƙarin abinci masu lambar da ta ƙare da harafin L, an duba ne ko za su cutar, ba a tabbatar suna warkarwa ba. Mai haɗiyar ƙwayar dubu talatin a kan shayin cokali biyar, taki yake zubawa a gonar da bai nome ba.

Akwai ƙwayoyin ƙari da ke da amfani na gaske, kuma su ne masu arha. Maganin ƙarin jini da folik asid da ake ba mai ciki a wurin awo, da bitamin A da ake ɗiga wa yara daga wata 6 zuwa shekara 5, waɗannan a karɓa hannu bibbiyu. Itatuwa ma ba abin rainawa ba ne, metformin kanta asalinta daga wani tsiro ne na Turai, sai dai an tace, an auna, an san adadin da ke magani da wanda ke illa. Jarkar bakin tasha ba wanda ya auna ta, ƙodarka ce za ta auna. In kana shan shuwaka ko hulba ko kirfa, faɗa wa likita, kada ka ɓoye. In kuwa an riga an ɗora ka a kan magani ko allurar insulin, kada ka ajiye su don wani ya ce ya warkar da mutum ɗari a Yawuri.

Wanda ciwon ya riga ya kama, kowane dare ya haska tafin ƙafarsa da fitilar waya, ya duba tsakanin yatsu, domin ƙaya kan shiga ba a ji ba, ƙaramin ciwo ya kai ga yanke ƙafa. Ban da yawo ba takalmi, ban da bai wa mai yankan farce na kasuwa ƙafa ya yi ta sassaƙa. Kafin azumin Ramadan ya ga likita a daidaita masa magani. Ya kuma riƙa ajiye alewa ko dabino a aljihu, in jiki ya ɗauki rawa, gumi ya keto, ido ya fara duhu, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, ya ci nan take ko da azumi a bakinsa.

Hajiya, ke ma ba a bar ki a baya ba. Ke ce mai riƙe da gwangwanin sukari da ludayin miya, kuma ke ce kan kai kowa asibiti ki manta da kanki. In kin taɓa haihuwar jaririn da ya wuce kilo 4, ko an ce miki suga ya hau lokacin goyon ciki, ko akwai mai ciwon a danginku, ran da maigida zai je gwaji ki sa mayafi ki bi shi, kuma ki fara miƙa naki yatsan don ya ji kunyar gudu.