Babin Renon Iri a Tsakar Gida Tun Kafin Hadari Ya Taso

Duk wanda ya shekara biyu ko uku a birnin Katsina ya san cewa damina ba ta zama sosai sai watan Yuni ya tsufa, kuma kafin Satumba ta ƙare ta fara ɗaure kayanta. Saboda haka mutumin da ya zauna jira sai ƙasa ta jiƙe sa'an nan ya tashi neman irin attarugu, to, lalle zai ga ganye, watakila ma ya ga fure, amma 'ya'ya sai dai ya gan su a faifan wani. Masu lambu na Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi, waɗanda suka gaji sana'ar a bakin rafin Ginzo, ba su da bukatar wannan bayani. Na rubuta shi ne domin malamin makaranta da akawu da ɗan fansho, wanda Allah ya hore wa ɗan fili a bayan gida, kuma ransa yake so, ko da sau ɗaya a shekara, a kaɗa masa miya da abin da hannunsa ya shuka.

Mafarin al'amarin hisabi ne, kuma da baya da baya ake yinsa. Attarugu da tattasai suna bukatar mako shida zuwa takwas a wurin reno kafin su isa dashe, tumatir kuwa mako huɗu ya ishe shi. Ashe ke nan wanda ya yi niyyar dashe a ƙarshen Yuni, wajibi ne ya yi yayyafin attarugu a farkon Mayu, tumatir kuma a ƙarshensa. Kuɓewa da karas ba su shiga wannan babi, domin su inda aka shuka su nan suke so a bar su.

Bayan hisabi sai izini, kuma a nan ne mafi yawan masu niyya suke tuntuɓe. Tsakar gida, ko da kuwa sunanka ne a takardar fili, mulkinta yana hannun uwargida, kuma duk mazubin da idonka ya faɗa a kai, ko tsohon daro ne da ya shekara biyar a kife a bayan madafa, a ranar da ka ɗauke shi za ka ji cewa gobe-goben nan ake da bukatarsa. Ka same ta bayan an ci tuwon dare, ka yi shimfiɗa mai kyau, ka ambaci tsadar kayan miya, wanda ita ta fi ka saninsa, sa'an nan ka nemi aron fasasshiyar kwatarniya. Za ta ce, "Malam, aron da za a huda wa gindi ai ba aro ba ne." Gaskiya ta faɗa, domin mazubin da ba shi da huda a ƙasa kabarin iri ne, sai ka amsa da cewa ɗibar fari tata ce, ka kuma tsaya a kan alkawarin. Kwanukan jere kuwa, ko da wasa kada ka dube su.

Ƙasar Katsina jigawa ce, mai saurin shanye ruwa da saurin mantawa da shi, don haka sai a haɗa turɓaya mai kyau da ɗan rairayi da taki, a tankaɗe su har su yi laushi. Sharaɗin taki shi ne ya zama ya ruɓe ya huce, domin ɗanyen kashin awaki ko na kaji ƙone saiwa yake yi tun ba ta san duniya ba. Game da iri, wanda aka ciro daga nunannen tumatir na gida, aka wanke, aka shanya a inuwa, ya halatta. Amma irin aure da ake sayarwa a ƙunshi, in ka adana 'ya'yansa ka sake shukawa, ba lalle su ɗauko halin iyayensu ba, kuma ba ka da alƙalin da za ka kai ƙara.

Ka gauraya irin da ɗan yashi domin kada ya taru wuri ɗaya, ka ja layi da ɗan yatsa wanda zurfinsa bai kai rabin gaɓa ba, ka yayyafa, ka rufe da ƙasa kaɗan, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Wurin ajiya kuma yana da hukunci: a cikin zaure duhu ya yi yawa, tsiron zai miƙe dogo siriri fari kamar wanda ya tashi daga jinya, a tsakiyar fili kuwa ranar bazara, wadda takan haura ma'auni 40, za ta dafa shi kafin azahar. Gindin bango inda hantsi yake sauka, inuwa kuma ta rufe da rana tsaka, shi ne madaidaici.

Ban ruwa sau biyu ne, bayan Asuba da bayan La'asar, kuma ba da guga ba. A tsoma tsintsiya a ruwa a yarfa, ko a zuba daga buta ta cikin tafin hannu. Na san lokacin nan ne ruwan famfo na Ajiwa yakan yi nazari kafin ya iso wasu unguwanni, masu kura kuma sukan ɗaga farashin jarka, amma kwatarniya guda ba ta shan fiye da buta ɗaya, kuma ruwan wanke-wanke mai sabulu haramun ne a kanta. Abin da ya fi kashe iri ma ba ƙishirwa ba ce, soyayya ce: mutum ya yi ta shayarwa har gindin tsiron ya ruɓe ya sirance, da safe ka tarar da shi kwance layi guda. In ka taɓa ƙasa ka ji da danshi, ajiye butar.

Tumatir yakan leƙo cikin mako guda, attarugu kuwa, da yake mai izza ne tun yana ƙwaya, yakan kai mako biyu ko fiye. Ranar da ka ga ɗan kore ya lanƙwaso wuya yana ture ƙasa, da ɓawon iri har yanzu a kansa kamar hular da ta yi wa yaro kaɗan, ka janye ciyawar nan take, ka kira mutanen gida su gani, domin abu ne da ya cancanci a ce Masha Allah.

Daga ranar nan kuma maƙiya suka sami labari. Kaza ba ta nufin sharri, tono ne sana'arta, sai dai sakamakon ɗaya ne. Ƙadangare yakan zauna a kan katanga yana gyaɗa kai kamar mai yarda da duk abin da ka yi, kana juya baya ya sauko ya tsinke kunnuwan tsiron ɗaya bayan ɗaya. Jikoki sukan tone domin su duba ko ya fito, kuma da kyakkyawar niyya suke yi, don haka a ware musu gwangwani nasu su tone iya son ransu. Amma babbar fitina akuya ce, wadda ita ta ba ka taki, kuma a ganinta tana da haƙƙi a cikin amfanin. Wata shekara akuyar wani maƙwabcina, a cikin lokacin da bai wuce na sallama da baƙo a ƙofar gida ba, ta gama da renon kwana talatin, ta tsaya tana tuƙa tana dubana ido cikin ido; maƙwabcin ya zo da kansa ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, dabba ce," na ce ba kome, domin haƙƙin maƙwabtaka ya fi kwandon attarugu nauyi. Maganin su duka guda ne: a ɗora kwatarniya a kan benci, a kafa sanduna huɗu, a lulluɓe da tsohon gidan sauro, a danne gefensa da duwatsu. Gidan sauron nan yana kuma tare ƙwari, irin ɗan malam-buɗe-littafin nan da ya halaka gonakin tumatir a Kano da Katsina da Kaduna a 2016, har tumatir ya zama abin marmari a gidajen masu hali.

In tsiro ya yi cunkoso a rage, ko da zuciya ba ta so. Saura mako guda a yi dashe, sai a fara horonsa: a rage masa ruwa, a ƙara masa rana kowace safiya, domin wanda ya tashi a inuwar bango in aka kai shi fili farat ɗaya, suma zai yi.

Kada ruwan farko ya ruɗe ka, sau da yawa yakan sauka ya tafi ya bar mutane da kallon gabas mako biyu. Bari sai ƙasa ta sha ta ƙoshi, tsiron kuma ya yi ganye huɗu zuwa shida, tsawonsa ya kusa taƙi. Ka jiƙa kwatarniyar sosai, ka ɗago kowane da ƙasar gindinsa da tsohon cokali, ka dasa da yamma bayan La'asar domin ya kwana cikin sanyi kafin ya gamu da rana. Abin da ya ragu, kuma lalle zai ragu, ka aika wa maƙwabcin nan mai akuya da shi, tare da shawarar gidan sauro. Kwatarniyar kuwa a wanke ta tas a mayar wa uwargida kafin ta tambaya.