Ranar da Kwamfuta Ta Sa Hantsi Bayan Azahar

Injin ban-ruwa guda ne, masu albasa talatin, kuma albasar Tama ba ta san haƙuri ba. Irin Galmi ce, wadda ake lodi har Gana. In ruwa ya makara ganye ya langaɓe, fuskar mai gona ma ta langaɓe. Da na zo hutu daga jami'ar Tawa da kwamfuta a jaka, Kawu ya tashi gaban taro ya ce, "Ga ɗanmu ya karanci na'ura, shi zai raba mana lokaci."

Aikin ba wuya. Kowa ya faɗi sa'ad da zai fara da sa'ad da zai gama. In za ka gwada kowa da kowa, mutum 30 gwaji 435 ne. Mai ilimi kuwa jera su yake yi bisa lokacin farawa, ya bi layi sau ɗaya, yana riƙe da lokacin gamawa mafi nisa da ya gani. Duk wanda ya fara kafin wannan lokaci, an yi karo. Gwaji 29, an wuce wurin. Sharaɗi ɗaya ne: jerin ya zama daidai.

To, manomi ba ya cewa ƙarfe tara. Asuba, hantsi, azahar, la'asar, haka suka faɗa, haka na shigar. Ita kuwa kwamfuta ba ta taɓa yin alwala ba, sai ta jera su bisa abacada: asuba, azahar, hantsi. A wurinta rana tana karkata kafin ta ɗaga.

Nan take ta ce wani Alhaji mai azahar ya yi karo da mai asuba zuwa hantsi, mutanen da ko inuwarsu ba ta haɗuwa. Na ɗage Alhaji zuwa jibi, yana ta huci. Masu hantsi zuwa azahar kuwa, tunda a lissafinta sun gama tun kafin su fara, ta sa musu albarka gaba ɗaya.

Washegari da hantsi mutum bakwai suka hallara bakin rijiya, kowa da tiyonsa da litar mansa da takarda mai sa hannuna. Biyu suka kama injin, ɗaya ya zauna a kai. Na ɗaga kwamfuta sama ina cewa, "Baba, ku tsaya, tsarin lafiya lau yake!" Har gobe ina kan bakana, tsarin lafiya lau yake.

Kawu ya miƙo mini guga ya nuna fangalin mutum shida. "Daga yanzu zuwa azahar," in ji shi.

Alhaji, wanda ya zo kallo takanas, ya ƙara da cewa, "Azahar ɗin liman, yaro, ba ta na'urarka ba."