Silikin Kasuwar Illela

A kasuwar Illela ranar Lahadi, duk ƙyallen da ke sheƙi da santsi sunansa siliki, gyale ne ko zanen gado. Mutanen da kuwa sun bambance. Akwai alharini, wanda a da fatake ke kawowa Kano daga Tarabulus ta hamada, akwai kuma tsamiya, zaren da tsutsar daji ke saƙawa, wanda ake yi wa babbar riga aiki da shi. Dukkansu tsutsa ce ta haife su. Silikin yau yawancinsa daga man fetur ya fito, masana'antun Sin suka yi masa wanka. Mai shakka ya zaro zare ɗaya ya ƙyasta masa ashana: na ainihi ƙaurin gashi yake yi ya zama toka, na zamani narkewa yake yi ya dunƙule. Shi ya sa mai tebur ba ya shiri da mai ashana.

Wani zai ce ai yaudara ce. Anya kuwa? Matar da ta tsallako daga Ƙonni da 'yan sefarta ta san iyakar abin da kuɗinta zai saya. "Hajiya, siliki ne tsantsa" karramawa ce, kamar yadda aka kira ta Hajiya ba a tambaye ta shekarar da ta je Makka ba. Ga maza ma sauƙi ne: shari'a ta hana su sanya alharini, to ga silikin da fatawa ba ta kama shi ba. Hukuncinsa ɗaya ne, zafin watan Afrilu, kuma shi ba a neman ragi a wurinsa.