Fijon Magada

Mai kuɗi mota yake saya. Wanda ba shi da kuɗi amma Allah ya hore masa ra'ayi, irina, shi ne yake sayen tarihi mai ƙafa huɗu. Da adashin ofishinmu ya zagayo kaina, na haɗa da kuɗin babur ɗina da na sayar, sai abin ya kai wani adadi mai haɗari ga magidanci: ya fi ƙarfin cefane, bai kai kuɗin motar kirki ba. Na leƙa wajen masu sayar da 'yan Kwatano na taya wata Corolla da ta girmi ɗana na fari. Da aka faɗa mini kuɗinta na ce bari in je in yi shawara. Da ni da mai motar duk mun san babu wata shawara.

Kafin in isa gida na gano cewa dama can ni ba na son motocin zamani. Duk kamarsu ɗaya, ka fito daga masallacin Juma'a ka yi ta zura makulli a ƙofar motar mutane. Mota ita ce ta da, ta ƙarfe zalla, wadda in ta gifta dattawa za su dakata da hira su bi ta da kallo. Na zaunar da uwargida na yi mata bayani dalla-dalla, na rufe da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba ta ce, "Haka ne, Malam. Sai dai ita zuma ba a tura ta."

Wani abokin aikina ya haɗa ni da dillali, ƙaton mutum mai waya uku, wanda kowace mota a bakinsa tsohuwar ajiya ce, wani Alhaji ne ya saya bai samu sukunin hawa ba. Ya fara kai ni ga wata Volkswagen Beetle ruwan ƙwai, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975. Ta burge ni. Injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, ba ruwanta da lagireto balle ta tafasa maka ruwa a tsakiyar titi. Abin da dillalin bai sani ba shi ne batirin wannan mota a ƙarƙashin kujerar baya yake kwana, kuma murfin da ke kare kansa ya daɗe da ɓata. Ya cusa kansa baya don in samu sararin gwada tuƙi, kujera ta lotsa, ƙarafan cikinta suka taɓa kan batir. Muna tafe yana yabon sanyin motar sai na ji ƙauri. Ya ce masu gashin masara ne a bakin hanya. Can sai ya yi wani ihu da ban taɓa jin irinsa daga bakin mai gemu ba. Motar kuwa ƙofa biyu gare ta, sai na gaba ya fita an kwantar da kujera kafin na baya ya ga duniya. Ya fito yana kakkaɓe gindin babbar riga, ya ce gaskiya wannan ba ajina ba ce.

Ta biyu Marsandi ce, 230E, daga jerin da Jamusawa suka fara fitarwa a 1976. Ba ta da laifin komai, har ƙofarta in ka rufe sai ka ji ka zama mutum. Amma na yi gangancin bi da ita ta unguwarmu wajen gwaji, kafin magariba 'yan uwa biyu sun bugo mini waya, ɗaya kuɗin makaranta, ɗaya zancen aure. Da na ƙara tambayar kuɗin fitilarta guda ɗaya, sai na mayar da makulli da hannu biyu.

A nan ne aka ce in je in ga Baba, wani tsohon bakanike da ya koyi aiki a Kaduna tun yana saurayi. Na same shi a ƙarƙashin darbejiya yana wanke filogi da fetur a cikin gwangwanin madara. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, mai ƙaramin ƙarfi ba ya tambayar shekarun mota. Abu biyu zai tambaya: masu gyaranta suna da rai? In ta nemi kaya, akwai su a Ƙofar Ruwa ko Panteka? In amsar e ce, saya. In a'a ce, ko kyauta aka ba ka, an cuce ka." A lissafinsa mota ɗaya ce ta ci wannan jarrabawa, Peugeot 504.

Gaskiyarsa kuwa. A 1968 aka fara yin ta a Faransa, shekara ta zagayo aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda a cikin taɓo da ƙura ake yin sa. A wannan shekarar ce aka buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna. Bayan an kashe Janar Murtala a cikin Marsandinsa a 1976, gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata, daga nan ta cika ƙasa: ta gwamna ita ce, ta hedimasta ita ce, ta 'yan tasha masu zuwa Maraɗi da Damagaram ita ce. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har bayan shekara ta 2000, alhali Faransawan kansu sun daɗe da barin ta. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ramuka ba sa damun ta, kuma babu kwamfuta ko ɗaya a jikinta. Kafireta ce da kwantak da filogi huɗu, abin da Baba ya ce ko cikin duhu zai kwance ya mayar.

Dillalin, wanda ya koma zama da gefe ɗaya, ya samo mana ita a Zariya: doguwar nan mai kujeru layi uku, fara, a garejin wani marigayi tsohon malamin makaranta. Tayoyinta sun sace, an ɗora mata tabarmi da buhunan dusa, wata kaza kuma tana kwanci a kujerar tsakiya. Ni tun daga bakin ƙofa na kamu. Baba kuwa ko kallon fentin bai yi ba. Ya zaro wani ɗan maganaɗisu daga aljihu ya riƙa manna shi a jikin motar. Inda ya kama, ƙarfe ne, inda ya faɗi, ciko ne aka yi aka shafe da fenti. A ƙofar baya ta hagu ya faɗi har ya gaji. Ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa ko ya yi fari-fari, alamar ruwa ya shiga inji. Ya sa na karanto lambar da ke cikin takardu yana duba ta jikin ƙarfen motar harafi bayan harafi. Da aka jona batirin aro ta tashi da tari, ya dasa bakin sukudireba a kan inji ya kafa kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron tafsiri. Daga ƙarshe ya ɗaga shimfiɗar ƙafar direba, sai ga tiren shayi an kafe shi da ƙusa huɗu. Ya ɗaga tiren, muka gaisa da simintin gareji.

"Injin lafiya lau," in ji shi. "Sauran kuma, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Ni rabin farko na ji.

Ciniki ne ya ci rana, domin motar ta magada ce, kuma marigayin Allah ya albarkace shi da zuri'a. Babban wa ya sallama, sai aka ce a jira na Sakkwato a waya. Na Sakkwato ya sallama, sai wata ƙanwarsu ta aiko daga cikin gida cewa a cikin motar nan aka kai ta ɗakin miji, a ƙara wani abu. Aka ƙara. Aka rubuta takarda kowa ya sa hannu, mai unguwa ya shaida. Kazar ce kaɗai ta ƙi sallamawa, sai da aka ɗauke ta da ƙwanta a cikin kwando tana zagin kowa.

Tankin mai ya yi tsatsa, don haka Baba ya ɗaure jarka a kujerar gaba, ya zura tiyo ta taga har zuwa inji, ya ba yaronsa ya rungume. Wannan dabara ta ba ni damar da masu sabbin motoci ba su da ita, wato ganin fetur yana sauka da idona, a zamanin da aka cire tallafi tun Mayun 2023. Giyar a jikin sitiyari take, na nemi ta ɗaya na samu ta baya, magada suka watse. Sai kuma muka gano cewa duk lokacin da na karya kan motar hagu, hon yana bugawa da kansa. Haka muka fita Zariya muna gaida duk wanda ke hagunmu.

A Kwanar Dangora muka tsaya ƙara ruwa a lagireto, ni da Baba muka zaga yin alwala. Muna dawowa na tarar da mutum huɗu a zaune a cikin motata, har da wata tsohuwa da buhun albasa a kan cinya. Na ce, "Iya, ai wannan ba ta haya ba ce." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake shiga fijo. Ja mu je, rana na yi." Na juya wajen yaron Baba, ashe har ya karɓi kuɗin mota ya ba da canji. Kuɗin nan su suka sake cika jarka a Kura, don haka ban ga dalilin tayar da magana ba.

Dab da shiga Kano aka tsayar da mu a wani shinge. Gabana ya faɗi, ga jarka, ga tiyo, ga takardu da sunan mamaci. Jami'in, wani mai furfura, ya zagaya motar a hankali, ya shafa zakin da ke gabanta, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Irin ta mahaifinsa ce sak. Bai tambayi ko lasin ba. Ya ba mu labarin yadda suka je Jos a cikinta su goma sha, da yadda aka sayar da ita, da wanda ya ci amanar kuɗin. Motoci suna ta wucewa ba mai duba su, mu muna tsaye muna cewa Allah sarki. Da ya gama, motar ta huce ta ƙi tashi, shi da abokan aikinsa suka tura mu.

Yanzu ta zauna da gindinta a unguwa. Ni na biya kuɗi, amma ban ce tawa ba ce. Lefe, gara, kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ɗaukar tabarmin ta'aziyya, duk ita ce, domin ba a jin nauyin roƙon tsohuwar mota. Duk dattijon da ya haura sittin yana da shawara a kan kafiretarta. Da safe takan so a ɗan taimaka mata, kuma a nan na san Kano shimfiɗaɗɗen gari ne: in ka cire Dala da Goron Dutse, gangara sai an bincika. Na bincika. Na canza masallacin Juma'a da mai shayi saboda ita, kuma akwai almajirai uku da suka san ƙarar makullina. Uwargida takan shiga, amma sai an riga an tayar, wai ba za ta zauna a ciki ana tura ta a gaban maƙwabta ba.

Kwanan baya wasu 'yan fim suka zo haya. Suna shirya labarin zamanin da, kuma akwai fitowar da motar ango za ta mutu a hanya, abokai su fito da manyan riguna su tura. Daraktan ya ce an tabbatar masa duk Kano babu motar da ta dace da wannan rawar kamar tawa. Ban ji daɗin maganar ba, na dai ji daɗin kuɗin. Aka kafa kyamara, ango ya murɗa makulli, ta tashi tun kafin ya saki. Aka sake, ta tashi. Aka bar ta ta huce har bayan la'asar, aka murɗa, ta tashi da wata murya mai daɗi da ni mai ita ban taɓa ji ba. Darakta ya cire hula ya roƙi Baba ya zare mata wata waya. Baba ya ce shekara arba'in yana tayar da fijo, ba zai fara kashe ta yau don wasan kwaikwayo ba, ya saɓa jakarsa ya tari adaidaita sahu. Ƙarshe dai aka sauya labarin, ango ya isa gidan biki a kan lokaci, aka zaftare mini rabin kuɗin haya saboda motar ta ƙi bin umarni. Da suka kwashe kayansu suka tafi na shiga na murɗa makulli, sannan na fito na shiga layi neman almajirai.