Jirgin Ƙasan da Na Kawo Garwa

Garwa tana da filin jirgin sama, tana da kogin Binuwai da dorinarsa, tana da filin ƙwallo na Roumdé Adjia, nan aka haifi Ahmadu Ahidjo, amma ko taku ɗaya na layin dogo ba ta da shi. Layin da ya taso daga Yawunde ya ci kilomita 622, ya iso Ngaundere a 1974, ya ja birki, har yau bai ƙara gaba ba. Audugar Sodecoton sai manyan motoci sun haura da ita tudun Adamawa, tafiyar kusan kilomita 280, kafin ta ga tarago. Tun ina saurayi ake cewa za a miƙa layin har Njamena. Ga furfura ta fito mini, ana nan ana cewa.

Shi ya sa da autana ya dawo makaranta ya ce an ba su aikin hannu, kowa ya ƙero abin hawa, ban yi wata-wata ba na ce jirgin ƙasa za mu yi. Shi motar langa-langa yake so irin ta abokansa. Uwarsa tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Malam, aikin yaro ne fa." Na ce na ji.

Ilimin a waya na samo shi. Ashe a Turai akwai dattawa masu jikoki da ba su da sana'a bayan ritaya sai ƙananan jiragen ƙasa. Kamfanoni irin su Märklin na Jamus da Hornby na Ingila suna sayar musu da kan jirgi da taragu, su kuma su zauna da ɗan burushi su sake fenti, su rubuta lamba, su manna fitila da matakala. A Hambug har gida guda aka ware, Miniatur Wunderland, tun 2001 mutane ke biyan kuɗi su shiga kallo. Ma'aunin da suka fi bi shi ne a raba komai na jirgin gaske gida 87. Na ɗauki biro. Tarago mai tsawon mita 20 zai dawo santimita 23. Faɗin layin Kamaru mita ɗaya ne, nawa ke nan milimita goma sha ɗaya da rabi. Na auna gwangwanin kifi, na ga in an haɗa biyu sun kusa ba da tarago ɗaya. Taragu huɗu nake so, ban da waɗanda za su lalace a gwaji.

Gida ya shiga cin kifin gwangwani, da safe a burodi, da rana a kan shinkafa. Ranar da na kawo shawarar a zuba a miyar yakuwa, uwargida ta ajiye ludayi ta yi mini wani kallo, na janye maganar da kaina.

Na kwashi gwangwanaye zuwa wurin wani tinka a babbar kasuwa. Ya ce, "Alhaji, mazurari za a yi ko fitila?" Na ce jirgin ƙasa. Ya juya ya faɗa wa yaronsa wata magana da Fulatanci, ƙasa-ƙasa yadda ba zan ji ba, yaron ya fita waje da gudu yana riƙe da ciki. Amma ya liƙe mini su da dalma tsaf, ya kuma fitar mini da kan jirgi daga gwangwanin man zaitun mai kusurwa huɗu. Sauran ado ni na yi da hannuna, kuma ina alfahari da shi duk da filastar da ta cika mini yatsu. Na huda tagogi da kurfi, na lanƙwasa waya ta zama matakala, duwatsun wuya biyu suka zama fitilun gaba. Kujerun fasinja kuwa na yanka su daga farin soson nan da ake samu a kwalin sabuwar talabijin, na jera su bibbiyu, har da hanya a tsakiya.

Saura ƙafafu. Ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki, shi ke riƙe ta a kan dogo, don haka kowace ƙafa sai an manna faifai biyu, babba da ƙarami. Robar silifa ta fi dacewa. Na ce wa auta ya nemo mini tsohon silifa, ya dawo da wani mai kauri, ko cin ƙasa bai yi ba. Na yaba masa. Na wasa bakin bututu na dinga bugawa ina fitar da faifai, har silifan ya zama rariya. Ina cikin haka na ji gyaran murya daga ɗakin uwargida. Surukina ne, ya zo daga Pitoa duba jikoki tun ina kasuwa, ya fito yana laluben takalmi da ƙafa. Ya sami ɗaya. Ya dubi na hannuna, ta cikin hujin muka haɗa ido. Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da zuwa." Ya ce, "Yauwa, sannu da aiki." Bai ƙara ko kalma ba. Na aika aka sayo sabo, ya sa, ya naɗe marayan da ya rage a leda ya tafi da shi.

Da maganar fenti ta taso, majalisar ƙofar gida ta zama kwamiti. Garin da ba shi da jirgi ya fi kowane gari masana jirgi. Wani dattijo da ya hau tun zamanin kamfanin Regifercam, kafin Camrail ta karɓi layin a 1999, ya rantse da launi ɗaya. Wani falke mai loda shanu a tashar Ngaundere ya rantse da wani daban, sai da aka matsa shi ya ce shi dai da dare yake ganinsa. Wanda ya fi kowa ɗaga murya kuwa bai taɓa wuce Ngong ba. Auta ya ce kore da fari na ƙungiyar ƙwallon Coton Sport. Na raba gardama da tutar ƙasa, kore da ja da rawaya, tunda ba mai iya musun wannan a bainar jama'a.

Fentin mai na ƙofa na sayo, ya yi kauri. Mai shago ya ce in haɗa da ruwan tsinka fenti, na ji kuɗin, na ce akwai hanya. Na tsaya bakin titi na sayi kwalbar zuwa-zuwa, fetur ɗin nan da ke ƙetarowa daga Najeriya. Fentin ya tsinke yadda nake so, har ya zarce ta tagogi ya sauka a kan kujeru. Farin soso da fetur ba sa ga maciji. Ina kallo kujerun suka yi tsuwwa, suka lotsa, suka zama danƙo a ƙasan tarago. Na ce wa auta fasinjan wannan jirgin a tsaye za su tafi, ba a kansu farau ba.

Na jera jirgin a kan katanga ya bushe. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama, fentin mai kuwa yana kwana bai bushe ba. Da gari ya waye kore da ja da rawaya duk sun koma launi ɗaya, na ƙasar unguwarmu, har da gashin kaza a rufin kan jirgi. Abin haushi, Turawan nan kuɗi suke kashewa su sayi hoda da ɗan injin feshi don jirginsu ya yi kama da wanda ya sha hanya ya yi tsatsa. Abin da suke biya, hazo ya yi mini kyauta a dare ɗaya. Na yi wa majalisa wannan bayanin, ba wanda ya gamsu.

Dole a sake fenti. Da na sa farce, tsohon ya taso ɓawo guda. Tinka ya ce ai gwangwani sai an goge shi da sanfefa, an ba shi shafen farko, sannan launi ya kama. Wataƙila mai bidiyon da na kalla a waya ya faɗi haka, amma da Jamusanci ya faɗa, laifin ba nawa ba ne. Wannan karon a ɗaki na yi, ƙofa da taga a rufe saboda ƙura. Jirgi ya fito yana walƙiya. Iyali suka kwana a zaure cikin sanyi saboda wari, ni na kwana da ciwon kai, magen maƙwabta kuma ta kwana tana kuka a bakin ƙofa, don har yanzu hancinta na gaya mata akwai kifi.

Ranar buɗe layi na shimfiɗa dogo na wayar ƙafar keke a kan katako, da tsinken ashana a gicciye. Yaran unguwa suka cika tsakar gida, 'yan majalisa suka tsaya daga baya. Auta ya ja zare. Jirgi bai motsa ba. Ya ƙara ja, kan jirgi ya ja ciki kaɗan, tarago na biyu ya kwanta a gefe. Fenti ya shiga ya ɗaure ƙafafun gaba ɗaya. Falken shanu ya gyara hula ya ce, "Malam, ka ƙware. Wannan shi ne jirgin Garwa sak."

Wani yaro ɗan shekara goma, wanda duk motar langa-langar unguwar daga hannunsa take fitowa, ya matso ya ce, "Baba, a ba ni dala ashirin in gyara." Kafin la'asar ya cire matakalata, ya ɓalle ƙafafun silifa ya sa murafen lemo, ya jefar da dogon dungurungum. Jirgi ya dinga gudu a kan turɓaya, yara na binsa da ihu. Auta ya kai makaranta ya samo 14 bisa 20, malaminsu ya rubuta a ƙasa da Faransanci cewa tirelar ta yi kyau.

Ran Lahadi, ranar kasuwar Pitoa, wani ɗan acaɓa ya yi sallama ya miƙo mini ƙunshin leda. Ɗaya silifan ne. Ya ce Baba yana gaishe ni, wai a ajiye wa jirgi, ko zai buƙaci safaya.