Magina Tarkon Mario, Kowa da Halinsa

A 1990 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Super Mario World, wasan gajeren nan mai gashin baki da jar hula da ba ya gajiya da tsalle. Bayan shekara goma, wani mai kiran kansa FuSoYa ya saki manhajar Lunar Magic, wadda ta ba kowa damar rushe matakan wasan ya gina nasa. A 2015 Nintendo da kansa ya shigo kasuwar da Super Mario Maker. Tun daga nan ake ganin abin da ɗan Adam ke aikatawa in ya sami ɗan iko da bulo kyauta.

A gaba cikin maginan akwai Mugu. Uban gidan mugayen shi ne T. Takemoto, wanda a 2007 ya ƙera Kaizo Mario World domin abokinsa. Aboki fa, ba wanda ya ci masa bashi ba! Mugu ya san daidai inda za ka daka tsalle don ƙetare rami, sai ya dasa bulon da ido ba ya gani a saman wurin. Ka taso da ƙarfinka, kanka ya yi karo da shi, ka zurma. Don cin fuska, bulon har sulai guda yake ba ka kana kan hanyar mutuwa. In ka jure ka kai ƙarshe, kiɗan nasara ya tashi, ka saki maɓalli kana murmushi, sai ka ga Mario yana tattakin murna ya nufi wani ramin da aka haƙa bayan layin ƙarshe. Duk da haka ina girmama Mugu. Yana auna kowane taku, kuma in ka mutu sau ɗari ka kan fita da gwanintar da ba ka shiga da ita ba.

Ba haka ƙanensa Sarkin Tarkace yake ba. Shi duk abin da ya gani a akwatin kaya sai ya juye: kunkuru bisa kunkuru, igwa bisa igwa, dodo Bowser da fukafukai, kifi yana shawagi a sama. Ba tsari, ba dalili, kamar keken ɗan gwangwan da ya kife a kwana. Yawanci yaro ne da ya karɓi na'urar yayansa, don haka a yi masa uzuri.

Sai Malam Kar-ka-taɓa. Ya kwana yana jera injina da abin tsalle, ya rubuta maka cewa kada ka danna komai. Mario ya yi ta wulwulawa tsakanin wuta da ƙaya har tuta, kai kuwa kana riƙe da madanni kana kallo. Ɗan'uwansa Makaɗi ya fi shi natsuwa, bulo masu ƙara yake jerawa har su fitar da waƙa, wasan kuma ko oho.

Ɗan Caca zai ajiye maka bututu huɗu, uku mutuwa ce. Maroƙi kuwa bai gina komai ba, ya dai rubuta da sulalla a sararin sama cewa a taimaka masa da tauraron yabo.

Amma wanda ke ci mini rai shi ne Mai Ƙofar Baya. A zamanin da ake ɗora matakai, dokar Super Mario Maker ɗaya ce mai kyau: ba ka ɗora mataki a intanet sai ka cinye shi da hannunka. To shi wannan sai ya gina abin da ko aljani ba ya wucewa, sannan ya ɓoye wa kansa wata 'yar ƙofa ko tauraron kariya a lungun da shi kaɗai ya sani. Ya bi ta nan ya fice salin-alin, ya koma gefe yana cewa mutanen yanzu ba su iya wasa ba.

Kishiyarsa Mai Taurin Kai ne. Akwai bawan Allah da ya gina matakin Trials of Death, ya ƙi yi wa kansa rangwame, ya shafe fiye da awa 4,000 yana fama da abin da hannunsa ya shuka. Ya ci nasara a 2022, alhali an rufe ɗora sabbin matakai tun Maris na 2021. Allah Ya ba mu rabin haƙurinsa, Ya kuma nuna mana inda za mu kashe shi.

Daga ƙarshe Masu Shara suka zo, ƙungiyar da ake kira Team 0%. Da aka ce za a kashe intanet ɗin Wii U, na'urar da ake buga Super Mario Maker a kai, a Afrilun 2024, sai suka ƙara ƙaimi wajen cinye duk matakin da ba wanda ya taɓa ci. Suka share kaf, saura guda mai suna Trimming the Herbs, wanda ya gagari gwanaye. Ana cikin haka mai shi ya fito ya amsa cewa ba da yatsunsa ya ci ba, na'ura ce ta danna masa. Aka cire matakin daga lissafi, amma wasu suka ƙi haƙura, kuma ana saura 'yan kwanaki a rufe wani ya cinye shi da hannu.